Tambaya Ta Uku

Ƙarfe sha biyu da rabi aka karɓe takardu.
Na fito da tawada a gefen hannu, gumi a bayan riga.
Garin Volos na warin gishiri da man jirgin ruwa.
Stamatis na ƙirga makinsa da yatsu a bakin ƙofa,
Fotini na kuka don sunan wani sarki ya ɓace mata.
Ni dai na hau motar ƙauyenmu, ban ce uffan ba.

Tambaya ta uku ta biyo ni har cikin mota,
ta zauna kusa da ni kamar ta biya kuɗin kujera:
"A wasan ban tausayi, da ma ƙagaggen labari,
me ke kayar da gwarzo, ƙaddara ko halinsa?
Kawo hujja. Maki ashirin."

Na kawo hujja, shafi huɗu cur.
Na zuba abin da Malama Evdokia ta ɗura mana:
a samo babban mutum, a ba shi aibi ɗaya tak,
'yan amshi su yi ta gargaɗi, shi ko ya yi kunnen ƙashi,
kada ya farga sai aikin gama ya gama,
'yan kallo su sha kuka, zuciya ta wanku, a watse.

Ban rubuta kakana Argiris ba.

Shi ba sarki ba ne.
Bishiyar zaitun ɗari da tara gare shi a gangaren dutse,
wasu sun girmi cocin ƙauyen.
Bara waccan ya tara rassan da ya sassare,
kakata ta leƙo ta taga:
"Iska ta juya, bari sai gobe."
Ya ce shekara sittin yana ƙona rassa,
ba daga taga za a koya masa iska ba.

Ashana ɗaya.

Kafin jirgin kashe gobara ya ɗebo ruwa daga teku
wuta ta lashe gonarsa, ta tsallaka katanga,
ta haɗa da amya goma sha biyu na zumar Lambros
da jakin da ba wanda ya tuna ya kwance.

To Malama, ƙaddara ce ko hali?
Iskar dai ba shi ya aiko ta ba.
Ashanar kuwa daga aljihunsa ta fito.
Minti goma na yi ina tauna murfin biro
ina neman inda zan sa wuƙa in raba su,
ashe gari ne da ruwa, an riga an kwaɓa.

Ga kuma abin da ba a tambaye mu ba.
A dandamali ana sauke labule,
gawa ta miƙe, ta karkaɗe ƙura, a tafa mata.
Littafi yana da shafin ƙarshe, a rufe, a kashe fitila.
Kakana ba wanda ya sauke masa labule.
Washegari sai da ya tashi ya ɗaura takalmi,
ya ratsa dandalin ƙauye ido na binsa,
ya gai da Lambros, Lambros ya dubi bango.
Bai mutu ba, bai yi dogon jawabi ba,
cokalinsa ne kawai ya rage sauri.
Kakata har yau ba ta ce "ai na faɗa maka" ba,
kuma shirun nan ya fi wutar ƙuna.

Mota ta tsaya gindin babbar bishiyar dandali.
Ga shi can, laka har gwiwa, da bokiti biyu.
"Me suka tambaye ki?"
Na ce, "Labarin manya da suka jawo wa kansu."
Ya daɗe yana kallon takalminsa.
"Kin ci?"
"Sai sakamako ya fito."

Ya miƙo mini bokiti ɗaya, mai yoyon.
Baƙaƙen kututture talatin da wani abu sun yi toho, in ji shi,
sauran kuwa bai fid da rai ba tukuna.
Muka kama hawan dutse, yana gaba ina biye,
ruwa na ɗiga a kan takalmin jarrabawata.