Gaɓar Rima Ba Ta Rantsuwa

Labbo ya dawo daga ƙasar sanyi da hoto a waya:
tsauni fari fat, mutane na zamiya bisa katako biyu.
Ya ce, "Baffa, kafin su hau sai sun haƙa rami cikin dusar ƙanƙara,
su duba ta hawa-hawa,
su bubbuga da tafi, su ji ko za ta zame."

Na aje shebur, na yi dariya har da tari.
Shekara talatin da ɗaya ina wanga karatu a Kwalkwalawa,
ba allo, ba tawada.

Taho ka gani.
Ta saman nan laka ce, rana ta gasa ta kamar kasko,
in ka taka sai ka rantse dutse ne.
Ƙarƙashinta yashin da ambaliyar bara ta bari.
Sa yatsa. Ka ji ya shige ba gardama?
To nan mutuwa take shimfiɗa tabarma.
Mai nauyi bisa marar ƙashi,
jira kawai suke a yi musu sallama.

Ina duban tsaga, ko siririya ce kamar silin gashi.
Ina duban tsakuwar da ta gangaro ba wanda ya taɓa ta.
Ina tambayar dare: ruwa nawa ka sha?
Wani lokaci gaɓa kan yi nishi,
irin na bajimi in zai kwanta.
Wanda ya ji wannan ya tsaya ɗaukar takalmi,
ba shi da rabon sa su.

Arzika ya ji.
Ranar Talata ce, tifa ta iso tun asuba,
direba na danna oda, mai gini na kirga buloli a baki.
Arzika ya ce, "Kwano uku, Baffa, in fito."
Da hannu munka tona, daga hantsi har azahar.
Hulatai munka fara samu.

Labbo ya yi shiru, ya kashe waya.
Can ya ce su ma sukan juya daga gindin tsauni,
bayan tafiyar yini, da katakonsu a kafaɗa.

Yau ma na sa yatsa, ya shige.
Na sallami tifa wayam, direba na zagi har bakin gada.
A gida miyar kuka ce, ba ko ƙashi.
Na ci, na suɗe, na kirga 'ya'yana.