Aikin Dare a Tashar Jiragen Rijeka

Ƙarfe uku, iskar teku na kaɗa igiyoyi.
Dubravka ta ture shayin da ya huce,
kwantena ta arba'in da ɗaya ta shigo layi.
Takarda ta ce wake ne.
Takarda ba ta rantsuwa.

Ta danna maɓalli.
Niyutiron ba ya sallama, ba ya neman mabuɗi,
ya ratsa ƙarfe kamar ruwa a rariya,
ya dafa kowace ƙwaya, ya tambaye ta sunanta.
Kowa da irin muryarsa:
kabon ya amsa, oksijin ya amsa,
naitirojin ya yi gyaran murya.
Shi take kasa wa kunne.

Ƙanenta Zvonimir na da shekara tara
ranar da gonar inabi ta buɗe baki a ƙarƙashinsa.
Har yau takalmin dama kaɗai ke tsufa a gidansu.

Zane ya hau allo, ya yi tsaye,
numfashinta ya tsaya tare da shi,
sannan ya sauka.
Wake ne. Wake kawai.

Ta buga hatimi. Direba ya yi hamma, ya ja,
bai san an yi wa kayansa tambaya ba.
Ta kurɓi shayin a haka.
Arba'in da biyu.