Abin da Mudansir Ya Kawo daga Lamingo

Ranar da na kai shi sansanin dogon hutu
gajimare ya sauko har ƙirjin duwatsun Shere.
Mudansir ya ƙi sauka daga adaidaita,
ya rungume jakarsa kamar za a ƙwace:
indomi shida a ciki, biskit, lemon kwalba,
da wayar uwarsa a ɓoye cikin safa.

Malamar bakin ƙofa, Kaneng sunanta,
ta karɓe wayar tana murmushi.
Ya dube ni kamar na sayar da shi.
Na juya ban waiwaya ba.
Sai a Taminus na tuna ban yi masa sallama ba.

Shekararsa sha ɗaya,
amma benen gidanmu sai ya huta sau biyu yana haki.
Ganyen miya abokin gabansa ne,
yakan tsince alayyafo ya jera a gefen faranti
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Gida ya yi shiru.
Uwarsa takan manta ta zuba kwano uku.

Ranar ziyara na same shi a lambu,
laka har gwiwa,
shi da wani yaro, Gyang, suna tuge karas.
Ya wanke ɗaya a bokiti ya gatsa, ƙaras!
Na tsaya ina kallon bakin
da na shekara biyar ina lallashi.

"Baba, nan da sassafe ake busa usur,
mu yi gudu har bakin dam mu dawo.
Ran farko na yi amai.
Kashegari na yi kuka a bayan ɗaki.
Jiya ni na zo na huɗu."
Ya cire takalmi ya nuna min bororon diddigensa
kamar soja mai nuna lambar yabo.

Da azahar aka kawo gwaten acha,
yakuwa da gauta da alayyafo, tururi na tashi.
Ya cinye, ya suɗe kwano, ya miƙa a ƙara.
Ban ce uffan ba.
Ashe yunwar da gumi ya haifa
ba ta tsince ganye.

Mako uku, ya dawo.
Wando na zamewa daga ƙugu,
indomi huɗu na nan a ƙasan jaka.
"Biyun fa?"
"Daren farko na ci su ɗanye, a ƙarƙashin bargo."
Ana idar da isha'i ya kwanta,
barci kamar an jefa dutse a rijiya.

Ni kuwa, shekara ashirin a kan keken ɗinki,
tumbi ya riga ni shiga shago.
Likita ya ce jinina ya hau,
rage gishiri, Malam Tasi'u, ka riƙa taka ƙasa.
Na ce to.
Na ninke takardar, tana aljihun wata riga.

Asabar, mun dawo daga masallaci,
sanyin Jos na cizon kunne,
ya riƙe hannun rigata a bakin zaure.
"Ba ciki za mu ba."

Ga ni a tsakiyar dutsen bayan unguwarmu,
gwiwa na rawa, ƙirji na dukan ganga,
silifas ɗaya ya tsinke.
Shi yana can sama, hannu a ƙugu.
"Kada ka zauna, Baba.
Ja numfashi ta hanci.
Ran farko kowa haka yake."

Da na isa, gari na shimfiɗe a ƙasa,
rufin kwano jiƙe da ruwan daren jiya,
hayaƙin masu ƙosai na tashi siriri.
Ya zaro karas daga aljihu,
ya goge a riga, ya karya biyu,
ya ba ni babban.

"Gobe ma?"
Na buɗe baki in kawo uzurin ɗinkin biki.
Kafin in haɗa maganar
har ya fara gangarawa,
yana ƙirga taku da ƙarfi
don in ji, in bi.