Mai Lotsattsen Ƙugu

Asabar da sassafe na sauka Rustavi,
kuɗina a ƙulle cikin safar hunturu,
lari dubu goma sha ɗaya da 'yan canji,
gumin shekara tara a ɗakin haihuwa.
Ni ce Lamzira, ungozomar ƙauyuka huɗu.
Na gaji da jiran bas ɗin da ba ya zuwa,
ita kuwa naƙuda ba ruwanta da jadawali.

Shalva, ƙanen marigayi maigidana, yana biye,
tocila a aljihu, da ɗan maganaɗisu,
baƙin mai ya zauna masa a ƙarƙashin farce
kamar da shi aka haife shi.

Fili ya cika, ido bai ga iyakarsa ba.
Motoci sun yi sahu, sun ƙetaro teku,
kowace da farashinta a gilashi,
kowace da abin da take ɓoyewa.

Gocha dillali ya tare mu da haƙorin gwal:
"Uwa, ga taki! Baƙa, doguwa, kujerun fata,
in kin shiga ƙauye da ita sai an miƙe tsaye."
Na shiga. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.
Bayan nan nawa mai yawan ƙorafi ya yi shiru.
Na riƙe sitiyari, na ji kamar ba ni ba.

Shalva bai ce uffan ba. Ya ɗaga bonet,
ya kasa kunne yadda nake sauraron ciki,
ya rubuta a bayan kwalin sigari:
lita sha huɗu duk kilomita ɗari.
Ya ce, "Sayen giwa ai mai sauƙi ne,
harawarta ce za ta kwanar da ke da yunwa."
Na buga lissafi da yatsu a kan gwiwa,
rabin albashina ya tsiyaye a gidan mai
tun ban kunna ta ba.
Na fito. A hankali dai, amma na fito.

Sai wata ja, farashinta kamar kyauta.
Maganaɗisu ya ƙi zama a ƙofarta, ya faɗo,
ashe ciko ne aka lulluɓe da fenti.
Ƙarƙashin kafet akwai busasshen taɓo:
ta sha ambaliya a wata ƙasa mai nisa,
ta zo nan tana murmushi.

Rana ta karkata, ƙafata ta kumbura,
muka same ta can jikin shinge,
'yar ƙarama, ruwan toka, ƙugu a lotse,
ba mai ko kallonta.
Tsoho Tamaz na zaune kusa da ita,
malamin lissafi ne, ido ya fara gaza masa.
Ya miƙo min littafi mai bangon leda:
duk juyen mai, duk birki, duk batir,
da kwanan wata, da rubutu ƙanana.
Lita biyar, in ji shi, shida in ana hawa dutse.
Lotsawar kuwa saniyar maƙwabci ce.
Shalva ya shige ƙarƙashinta ya daɗe,
ya fito yana kaɗe wando, ya gyaɗa kai sau ɗaya.

Muka yi ciniki, ba rantsuwa, ba jan riga.
Na rage ɗari takwas don tayoyin ƙanƙara.
Da zai ba ni makulli, hannunsa ya ɗan daɗe a kai.

Daren jiya waya ta yi ƙara ƙarfe biyu.
Ƙanƙara ta rufe hanyar gonakin inabi,
'yar tawa ta haura tana nishi, ba ta tsaya ba.
Mace aka samu, kafin zakara ya yi cara.
Uban ya raka ni waje, ya ga ƙugun, ya yi dariya.
Na ce masa, ba girin-girin ba, ta yi mai.
Na duba allurar tanki kafin in juya gida,
tana nan kusan inda na bar ta ranar Talata.