Ginin Ƙarƙashin Ruwa

Shekara talatin ina fasa dutse a Ashaka,
ban taɓa yi wa ko ɗaya wanka ba
sai yau, a Tumfure, a gindin famfo:
ga tsoho durƙushe da buroshi
yana cuɗa dutse kamar jinjiri.
Ban da sabulu, in ji Bappayo mai kifi.
Na ɗiga lemun tsami, dutse ya yi kumfa,
ya ce madalla, irinsa suke so,
'yan Tafkin Malawi, dangin karfasa,
waɗanda suka yi ado suka ƙi shiga miya.

Dudu ce ta jawo mini.
Wai tun da na ajiye aiki
na zama rediyo mai tasha ɗaya.
Ta sayo akwatin gilashi kamu uku,
ta girke shi inda kujerar uwarta take a da,
ta hau mota ta bar ni da shi.

Dutse tukuna, yashi daga baya.
Wannan ban yi musu ba,
wa ke ɗora gini a kan rairayi?
Masu tono ne, sai su ƙwaƙule gindin
su kayar wa kansu da soro.
Na shimfiɗa soso don gilashi ya huta,
manya a ƙasa, ƙanana a bisa,
kowanne na taɓa shi da yatsa
yadda ake gwada haƙori mai girgiɗi.

Sai hali ya motsa.
Na jera ɗakuna shida, ƙofa na kallon ƙofa,
tsaf, har na so in ɗauko magwaji.

Kwana uku ba a yi ba.
Shuɗin nan mai zane ya kame duka shidan,
ya hana kowa sakat.
Rawayan ya maƙale a lungun sama,
wutsiya a yage
kamar tutar jam'iyyar da ta faɗi zaɓe.

Bappayo ya zo, ya yi dariya har da riƙe ciki.
Baba, ai bariki ka gina.
Rushe.
Je ka dubi Dutsen Bima, wa ya auna shi?
Ramuka su fi kifaye yawa,
wannan ƙofa gabas, waccan ta ba ta baya,
ka tsayar da dogo a tsakiya ya tare gani.
Ido ne ke fara faɗa.

Na naɗe hannun riga har kafaɗa.
Ban taɓa wahala da gini
irin ginin da aka ce kada ya miƙe ba.
Da dare aka ɗauke wuta, injin iska ya yi shiru,
na zauna da moɗa ina ɗiba ina kwararawa
har aka kira assalatu.

Gari ya waye sun kwashe yashin da na daidaita
baki-baki, sun tara shi gaban gilashi.
Rawayan ya sami wata tsaga
da ban san na bari ba.
Can ƙasa wata ta daina cin abinci,
maƙogwaro a kumbure;
ƙwai ne ta ɓoye a baki,
mako uku, in ji shi, ba za ta tofa ba.

Ido ne ke fara faɗa.
To, ni da Hammajo fa?
Shekara goma sha ɗaya
tun da na ja katanga a gidan gado a Bajoga,
bai gan ni ba, ban gan shi ba,
faɗan kuwa yana nan da ransa.
Ko kifi ya fi mu hankali,
ko ni ne na manta ban bar tsaga ba.

Dutse ɗaya ya ragu, bai sami wuri ba.
Shi ne na tokare ƙofar zaure da shi,
iska ta daina rufe ta.