Famfarar Mardiyya

Da hantsi a Aboabo, gasasshiyar masara
ta cire wa jikata Mardiyya haƙori.
Ta kawo shi a tafi, kamar ƙwayar shinkafa:
"Kaka, ina saiwarsa?"

An cinye ta, 'yar nan.
Na ƙasa ne ya ci, a hankali, cikin duhu,
ko ƙaiƙayi ba ki ji ba.

Na ga hoton muƙamuƙinki a asibiti, ran da kika faɗo daga benci:
ga su can jere ƙarƙashin dasashi
kamar fasinja a tashar Kejetia,
kowa na jiran motarsa.
Kai ake fara ƙera musu, saiwa sai daga baya.
Tun kina goye aka soma aikin,
uwarki na dama koko, ba ta sani ba.

Jefa shi kan rufin kwano, kama bakinki,
kada ƙadangare ya leƙa giɓin.

Ni nawa, goron Asante ya rina su,
huɗu sun tafi tun azumin bara.
Na kai harshe wurin, na laluba:
tasha ce da tsakar dare,
ba mota, ba mai jira.