Gwanki a Bayan Gilashi

Ruwa ne ya koro ni ciki, ba son sani ba.
Daga Dogondutsi na zo Ikko neman famfon inji,
mai shago ya ce sai jibi.
Titin Yaba ya cika har idon sawu,
ga ƙofa a buɗe, ga tsoho a benci yana gyangyaɗi.

Naira ɗari biyu.
Ya rubuta sunana ƙasan na wani da ya zo tun azumi.
Akinrinade, in ji shi, yana dafa ƙirji.
Ba wuta. Ya kunna fitilar waya, ya shige gaba.

Warin kafur da jiƙaƙƙen katako.
Macizai a kwalabe sun yi fari kamar dafaffiyar taliya.
Malam-buɗe-littafi sun fi ɗari, kowa da allura a gadon baya,
littafi a buɗe, ba mai karatu.
Haƙarƙarin wani kifin teku ya tokare rufi,
na laluba bakina, ban sami sunansa ba.
Mu namu kifin a kwali yake zuwa daga Gaya, bandararre.

Can lungu, inda rufi ke ɗiga cikin bokiti,
sai na gan shi.
Gwanki.
Ƙaho biyu sun tanƙwara baya, kunnuwa zaƙo-zaƙo,
fuska baƙi da fari, kamar wanda aka kira yana tsakar wanke toka.

Kakana Arzika ya sha faɗa mana
garke-garke suke sauka fadama a zamaninsa,
ya taɓa bin ɗaya kwana uku
ya dawo da kibiyarsa a hannu, ƙaya a ƙafa.
Mu ƴan lakwal sai mu zunguri juna, mu haɗiye dariya.
Mushe bai ce akwai shi ba.
A dajinmu ko zomo sai mai rabo.

Na durƙusa gaban katin.
Tawada ta koɗe, shekarar ta girmi ubana.
Ɗinkin cikinsa ya ɓalle, ciyawa na leƙowa,
ƙoshin da ba shi ya kiwata ba.
Ido ɗaya ya faɗi tsakanin kofatai.
Ɗayan na kwalba ne, cikinsa wani ƙaramin mutum
rungume da leda mai fasfo.

Na ɗauki hoto. Gilashi ya ƙi.
Fuskata ce ta fito, da ƙahon bisa kaina.
To ko ya fito ma, wa zan nuna wa?
Damina tara ke nan da muka kai tsoho makwancinsa.

A bakin ƙofa aka miƙo min biro, wai in bar magana.
Na rubuta: Arzika bai yi ƙarya ba.
Akinrinade ya haska, ya bi da yatsa, ya ɗago kai yana tambaya.
Turancina bai kai ba.
Na ɗora hannu biyu a ka, na tanƙwara su baya.
Ya yi dariya har da tari,
ya matsa min wuri a benci.
Ruwan bai ɗauke ba sai bayan la'asar.